Kunnen da Ban Yanke Ba

Shekara goma sha tara ina wannan aiki ban taɓa manta yanke kunne ba, sai ranar da aka zo kan ƙwaƙwalwar Ummata.

Bari in yi bayani, don na san irin kallon da ake yi mini in na ce aikina gwajin ƙwaƙwalwar mamata ne. Wasu su ɗan matsa gefe, wasu su tambaye ni ko ina iya cin abinci. Ina ci, har da neman ƙari. Ɗakin gwajinmu yana hawa na biyu a bayan asibiti, ƙarshen wani dogon baranda da ba mai bi sai mu da masu shara. Idan mai ciwon mantuwa ya rasu, kuma shi ko iyalinsa sun yarda, ana kawo mana ƙwaƙwalwar a raba ta biyu. Rabi a jiƙa shi a maganin hana ruɓa don masu duba shi ta madubin ƙara girma, rabi a sa a wata firiza da in ka kama ƙarfenta ba safa sai fatar hannunka ta bi shi. Wannan rabin na firiza shi ne nawa.

Ciwon mantuwa ba iri ɗaya ba ne, ko da yake a gida duk sunansa ɗaya, a ce tsohuwa ta rikice. Muddin mutum yana da rai likita hasashe yake yi. Ni kuwa ina gutsuro abin da bai kai ƙwayar wake ba, in niƙa, in sa a injin da ke wulwula shi, har wani furotin da ya dunƙule ya kwanta a gindin kwalba. Shi nake ɗigawa a ramukan jel, wani abu mai santsi kamar sitacin da ya sandare tsakanin gilashi biyu. In sa masa wuta ya gangara ya rarrabu. Daga nan in ɓare gilashin, in manna jel ɗin a jikin wata farar takarda ta musamman, furotin ya koma kanta, a yi ta wanki da jiƙo, a ƙarshe inji ya ɗauki hoto. Aikin kwana uku ne. In layi uku ya fito, irin ciwon da aka saba gani ne a tsufa. In biyu ne, wani iri ne daban, mai zuwa da wuri, kuma a cikin irinsa akwai mai bin jini, sai an kira 'ya'ya an duba su.

Umma tana da hamsin da huɗu abin ya fara mata. Ni bana nake cika arba'in da tara. Ba sai na ce komai ba.

Jel ba shi da fuska ba shi da ƙeya. Da ka ɗaga shi daga gilashi, in ya kife, hagu ta koma dama ba tare da ka sani ba. Shi ya sa kafin a ɗaga shi ake datse kusurwar sama ta hagu da almakashi, in an manna shi a takarda ita ma a datse mata daidai wurin. Wannan muke ce wa yanke kunne. Ɗalibi ma a satinsa na farko yake koyonsa, kuma na sa fiye da ɗalibi ɗaya kuka a kansa.

Farfesa, shugaban ɗakin gwajin, bai so in taɓa aikin Umma ba. Dattijo ne mai magana a hankali kamar yana tsoron kalmomin su fashe, kuma in ya ce a'a yakan cire tabarau tukuna. Ya cire ya ce bai dace ba. Na ce to wa zai yi? Wata takwas ƙwaƙwalwar tana firiza muna jiran wanda zai yi, kuma duk ginin ba mai hannun da ya kai nawa a wannan gwaji, shi ma ya sani. Da ya ga zan hana shi shan shayi cikin kwanciyar hankali, ya yarda, amma ya haɗa na Umma da na wani mamacin, ya manna wa kowanne lamba da hannunsa, ya kulle takardar sunayen a durowarsa. Wai don kada in san wane ne wane. Allah Ya ba Farfesa lafiya, ya rufe sunan ya manta da kwanan watan da ke gindin kwalba. Wa zai manta ranar da uwarsa ta rasu? Tun ranar Litinin na san mai lamba arba'in da ɗaya ita ce Umma, na yi shiru da bakina.

Ramuka biyar na cika ranar Talata, yadda Farfesa ya tsara mana tun da daɗewa. Ma'auni a ramin farko da na ƙarshe don a ga layuka sun tafi daidai, a tsakiya wani tsohon samfuri da muka san amsarsa, Umma a hagunsa, baƙon a damansa. Ni kaɗai ce a ɗakin ranar. Abokiyar aikina, wadda muke ce wa Aku saboda bakinta ba ya hutawa ko tana tsotsar alewa, ta tafi a cire mata haƙori. Har na ji daɗin shirun.

Ranar Laraba da hantsi hoton ya fito a allon kwamfuta. Ma'auni tsaf a gefe da gefe, na tsakiya da layinsa uku, ɗaya gefen uku, ɗaya gefen biyu. Aiki ya yi kyau kamar a rataye a bango. Na kai ido kusurwa in ga ina kunnen yake don in san wane gefe ne na Umma. Kusurwa huɗu, duk huɗun lafiya lau.

Na buɗe injin na ciro takardar da hantsaki. Na juya ta, na ɗaga ta wajen fitila, kamar kunnen zai yanke kansa don ya ga na damu. Na je kwandon shara, ko da yake na san an kwashe jel ɗin tun jiya an ƙona. Na dawo na zauna, na tashi, na wanke hannun da bai yi datti ba. Ba lalacewar aikin ce ta dame ni ba. Aiki yana lalacewa kullum. Abin da ya kama ni shi ne na san inda na taɓa ganin wannan mantuwa.

Umma tela ce. A kan teburinta na koyi yanke kunne tun kafin in san akwai wani abu wai shi jel. In ta yanka hannun riga takan ɗan tsaga bakin yadin ta gefen gaba, don kada hannun dama da na hagu su rikice mata. Shekara talatin tana haka ko tana waya ko tana yi mana faɗa. Wata rana na dawo daga aiki na tarar da rigar wata amarya a rataye, an goge ta, hannayenta biyu duk na hagu. Na duba bakin yadin, ba tsaga. Ban gaya mata ba. Na jira ta shiga wanka na warware na gyara. Haka na yi ta yi kusan shekara biyu, ina bin bayanta da abin warware ɗinki, ita kuwa tana yabon kanta wai ido bai gaza ba. Da abin ya fi ƙarfina, masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba ta san dalili ba. Ta yi ta zama a bakin keke tana jiran mutane. A 'yan kwanakin da hankalinta yake dawowa ne ta sa aka kawo mata takardar asibiti ta sa hannu, ta ce in ta mutu a buɗe a duba, kada 'ya'yanta su yi ta zaman zullumi.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Yaya ne, wana, wanda tun Litinin yake kira sau uku a rana kamar mai shan magani.

"Ya fito?"

"Bai fito ba."

"Kin ce Laraba."

"Na ce Laraba ko Alhamis, Yaya. Ba shayi nake dafawa ba."

"Jiya na ajiye makullin mota a cikin firji," in ji shi, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Matar nan ta ce tsufa ne. Ke me kika gani?"

"Na ga tun kana saurayi kake zubar da makulli. Ka bar ni in yi aiki."

Na kashe wayar na ɗauki almakashi. Ba zan yi ƙarya ba, na ɗauka. Takardar tana cikin faranti a gabana, a jiƙe. In na datse wannan kusurwar, Umma layi uku ce, in kira Yaya ya yi barci, ni ma in yi. In na datse waccan, biyu ce. Na kuma yi ta gaya wa kaina ai kusan kullum ta gefe ɗaya nake kifa jel, hannuna ya saba, kuma in na bi sabon hannun, uku ne zai faɗo wa Umma. Ba wanda ya gan ni. Farfesa zai sa hannu ba tare da ya tambaya ba, shekara goma sha tara bai taɓa kama ni da kuskure ba. Sai dai hannun da nake cewa ya saba, shi ne dai hannun da ya manta kunnen. Kuma baƙon nan na dama yana da nasa 'ya'yan a wani gida, su ma suna ajiye makulli a firji suna kallon juna.

Ina riƙe da almakashin Aku ta turo ƙofa, kumatunta ɗaya a kumbure, tana magana tun daga baranda.

"Anti, wallahi mutumin nan ba likitan haƙori ba ne, makaniki ne. Gwiwa ya sa mini a... me ya faru?"

"Ba komai."

Ta leƙo farantin. Yarinyar tana da surutu amma idonta ba ya kuskure. Ta dubi kusurwoyin, ta dubi almakashin, ta dube ni. Na ajiye almakashin da ƙarfi har farantin ya yi tsalle, na wuce ta na nufi ofishin Farfesa.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya cire tabarau.

"Kowa yana mantuwa, Malama."

"Ni ba na yi, Farfesa."

"To yau kin shiga sahun mutane. Nawa ya rage a kwalaben?"

"Na sau ɗaya."

"Gobe a sake. Ki bar wa yarinyar nan ta yi."

"Ni zan yi. Ta tsaya a kaina ta kalli hannuna."

Ya juya tabarau a hannunsa. Na ƙara masa da cewa nan gaba in zai ɓoye suna ya riƙa duba gindin kwalba. Ya rufe ido, ya ce innalillahi a hankali, bai kuma ce in bar aikin ba.

Ragowar ranar na kasa zaune na kasa tsaye. Na sake jera kwalaben da suke a jere. Na goge teburin da Aku ta goge. Da aka tashi ban hau mota ba, na taka da ƙafa har gida, ina karanta allunan shaguna ina rufe ido ina maimaita su. Mai gyaran waya, mai sayar da taya, kantin magani, mai wanki da guga. A mararraba na tsaya ina lissafin sunayen 'yan ajinmu na firamare, na kai ashirin da shida na maƙale a kan wata mai wushirya da ke zama bayana. Har na isa ƙofar gida ina nemanta. Maigidan ya tambaye ni me ya sa nake motsa baki ni kaɗai, na ce masa waƙa nake yi, ya ce shekara ashirin da biyu bai taɓa jin na yi waƙa ba. Na sa gishiri a miya, na tsaya da cokali a hannu ina tunanin ko na riga na sa. Na ɗanɗana sau huɗu. Tsoro nake ji, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka rufe Umma.

Ranar Alhamis na riga mai buɗe ƙofa zuwa. Aku ta iso ta sa farar riga ta tsaya a kafaɗata. Ni da na koya mata riƙe bututun ɗiga, yau ita ce mai gadina. Na ce ta riƙa faɗin kowane mataki da baki, ta ce Anti ai kin fi ni sani, na ce ban tambaye ta ra'ayinta ba. Wannan karon ma'auni a gefe ɗaya kawai na sa, don ko ba kunne a gane hagu da dama, tsarin Farfesa ya yi haƙuri. Na ɗiga na Umma, ɗigon ƙarshe da ya rage a kwalbar. Awa biyu wuta tana aiki ina kai-komo tsakanin taga da injin. Yaya ya kira sau biyu ban ɗauka ba. Da na ɓare gilashin na datse kunnen, babba, har Aku ta ce wannan ai ba kunne ba ne, rabin kai ne. Na datse na takardar. Na rubuta lambobin da fensir a ƙasan kowane rami.

Ranar Juma'a da hantsi muka taru mu uku a gaban allon, don Farfesa ma ya baro shayinsa. Hoton yana fitowa a hankali, daga fari zuwa toka-toka. Kunnen yana sama ta hagu inda ya kamata. Na bi ramin Umma da yatsa daga sama zuwa ƙasa, na ƙirga, na sake ƙirgawa.

Biyu ne.

Farfesa ya fara bayani a hankali. Layi biyu ba hukunci ba ne. Da yawa daga masu irin wannan ba gadonsa suka yi ba, kuma ba su bar wa kowa ba. Sai masu madubi sun kawo nasu, sai an ɗebi jinina da na Yaya, in mun yarda, kuma ko an samu ba lallai ne kowa ya ɗauka ba. Duk na san wannan, ni nake buga shi a takardun da ake ba iyalai. Na ce masa na gode. Ya dafa bayan kujerata, sannan ya fita.

Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne baƙon nan. Layinsa uku ne. Da na bi almakashi ranar Laraba, da yanzu ana neman 'ya'yansa a waya a ce su zo a ɗebi jininsu. Ban ji wani alfahari ba, don na san yadda na kusa.

Aku tana wanke farantai a bakin famfo, ta ba ni baya, ruwa yana ta zuba fiye da yadda aikin yake buƙata. Na je na kashe famfon.

"Zauna, ina da magana."

Ta zauna a kan doguwar kujerar gwaji tana goge hannu a riga.

"Ummata shekara biyu ina gyara mata ɗinki a ɓoye," na ce. "Na ɗauka tausayi ne. Da na gaya mata tun rigar farko, da ta ga likita da wuri, da ta sallami masu ɗinkinta da mutuncinta, da ta faɗa mana abin da take so tun tana iya faɗa. Na hana ta duk wannan. To ni ba na so a yi mini haka. Daga yau in kin ga na manta wani abu, ko ƙanƙani ne, ki faɗa mini a fuskata. Zan yi miki masifa, kin san hali, amma ki faɗa. Kada ki bi bayana kina gyarawa. Kin ji?"

Na jira ta ce to Anti, ta ɗora da labarin makanikin haƙorinta. Maimakon haka ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta. Na sha jinin jikina.

"Ke," na ce. "Dube ni."

Ta ɗago, idonta ya cika.

"Ranar Talata ba na nan, Anti," in ji ta. "Da ina nan da ba a kai ga haka ba. In kin juya za ki ɗauko ruwan wanki nake datse kunnen, ba ya ɗaukar lokaci."

Na ji ƙarar firiza a bayana, da takun wani a baranda. Na riƙe bakin tebur.

"Sau nawa?"

"Anti..."

"Sau nawa kika yanke mini kunne?"

"Huɗu," ta ce. "Tun wata biyu da suka wuce."

Na gyaɗa kai. Ban yi mata masifa ba, na neme ta ma a cikina ban samu ba. Na jawo littafin aiki na buɗe shafin baya, na miƙa mata biro na ce ta rubuta mini ranakun, duk huɗun, da abin da nake yi a lokacin, kada ta rage komai, likita zai tambaya. Tana rubutawa tana jan hanci. Wayata ta fara ƙara a aljihu, na ciro ta na ɗauka.

"Ya fito?" in ji Yaya.

"Ya fito. Ka zo asibiti ranar Litinin da safe, tare za mu shiga."

"To me aka gani?"

"Zan gaya maka in ka zo. Yaya, ka kira ni ranar Lahadi ka tuna mini."